Injiniya Lawal, Wanda Suka Ƙi Shiga Gidansa

Ina cikin jirgin ƙasa na District line a Ingila, na nufi unguwar Barking don in duba Injiniya Lawal, sai wayar matarsa Hajiya Rabi ta shigo. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Aminu, Yayanka ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Injiniya Lawal ne ya koya mini aiki. A ƙarƙashinsa na fara shiga teku, a irin jirgin ruwan da aka ƙera musamman don ɗaukar makamashin nukiliya daga Ingila zuwa Japan. Jikin jirgin ninki biyu ne, injinansa biyu, kayan kuma suna rufe cikin manyan tukwanen ƙarfe masu kauri. Kowannenmu yana maƙale da ɗan ma'auni a ƙirji, mai nuna ko gubar kayan ta taɓa shi. Ranar farko na yi ta duba ma'aunina. Ya dube ni ya ce, "Kayan nan ba sa son tsoro, ba sa son gaggawa. Kula kawai suke so." Ko shi da kansa ya ɗaure ƙusa, sai ya kira wani ya sake dubawa.

Idan ya sauka hutu, gidansa cika yake. Ɗalibi ya rasa masauki, gidan Injiniya. Baƙo ya sauka bai san kowa ba, gidan Injiniya. Haka Alhaji Sabo, abokinsa tun firamare, ya zauna a falonsa har ya samu aiki ya kama nasa gidan a unguwar Dagenham.

Da ciwon daji ya kama hanjinsa, likitoci a Camberwell suka bincika, suka ce babu alaƙa da aikinsa. Ma'auninsa ma bai taɓa nuna wani abin damuwa ba. Amma Alhaji Sabo ya riƙa bin mutane bayan Juma'a yana cewa gubar jirgi ce ta cinye Lawal, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi zai kwasa. Mutane suka yarda. Waɗanda suka ci tuwo a kwano ɗaya da shi suka koma gaisuwa ta waya, daga baya ita ma ta ɗauke. Da ƙaramar Sallah Hajiya ta dafa abinci kamar yadda ta saba. Injiniya ya sa babbar rigarsa, ya zauna yana kallon ƙofa. Ni da Bitrus, abokin aikinmu ɗan Jos, mu kaɗai muka zo.

Na fusata, na ce zan je in sami Alhaji Sabo. Ya riƙe mini hannu.

"Bar shi, Aminu. Tsoro ne."

"Yaya, ai kamata ya yi ya tambaye ka."

"Shi ne abin da ya fi mini ciwo," in ji shi. "Da ya tambaya, da na yi masa bayani."

Ranar jana'iza, masu wanka suka yi ta ba da uzuri. Ni da liman muka wanke shi, Bitrus yana jira a waje da mota. Alhaji Sabo ya zo gaisuwa, ya tsaya a bakin ƙofa. Hajiya ta miƙa masa ruwa, ya ce ya gode, ba ya jin ƙishi. Ta ce, "Alhaji, ai kofin da ka sha da shi shekara da shekaru ne." Ya juya ya tafi.

Injiniya ya yafe musu tun yana da rai, na ji da kunnena. Ni har yanzu ban iya ba, kuma ba zan yi ƙarya a kan mamaci in ce na iya ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Lawal, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara. Allah Ya ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙuri, Ya haɗa su da mutanen da za su shiga gidansu su zauna. Amin.