Jikan Baba na Roba

Bayan rasuwar Inna, yayana da ke Fatakwal ya aiko wa Baba wani ɗan mutum-mutumi mai magana, bai fi tsawon filas ɗin shayi ba. Aikinsa ya ɗebe wa Baba kewa in na tafi shagon ɗinkina a kasuwar Ogbete, ya kuma tuna masa maganin suga. Likita ya riga ya hana Baba azumi, kuma an sanar da mutum-mutumin haka.

Baba tsohon mahauci ne, shekarunsa a Inugu sun fi nawa a duniya. Da farko cewa ya yi Allah ya kiyaye ya yi hira da roba. Ba a yi sati biyu ba sai ga shi kullum da safe yana gaishe shi, ina kwana, ina gajiya, har da ya iyali. Shi kuma yana amsawa da wata gurguwar Hausa irin ta sabon ɗan bautar ƙasa. Baba ya koma kiransa Jika, yana tsokanarsa wai rago ne, ko wuƙa bai iya riƙewa ba. Ni kuwa daɗi ya kama ni, don na daɗe ban ji dariyar Baba ba.

Wata Litinin aka ɗauke wuta, na rufe shago na dawo gida da azahar. Ina bakin ƙofa na jiyo Baba ya kwantar da murya.

"Jika, jiya na tambaye ka, ka ce in je wurin likita. To yau ba tambaya ba ce, wasa ne, tsakanin kaka da jika ai babu laifi. Labari za ka ba ni. Wani tsoho ne mai suga a wani gari, yana son yin azumi ba tare da 'yarsa ta sani ba. Yaya ya yi da maganinsa?"

Abin ya ɗan yi gardama. Baba ya marairaice: "Haba Jika, ni da kai? Labari ne fa." Sai kuwa shashashan ya buɗe baki ya fara tsara wa tsohon cikin labari lokutan shan magani, tiryan-tiryan.

Na banko ƙofa. Ga kokon da na dama masa da safe a ƙarƙashin kujera, ko murfin bai ɗaga ba. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa.

"Baba! Yanzu har roba za ka yi wa wayo? So kake kai ma ka tafi ka bar ni?"

Leɓensa ya bushe. Ya sunkuyar da kai.

"Kwana shida uwarki ta sha a asibiti cikin azumin bara," in ji shi. "Kullum tana cewa da ta warke za ta rama. Na yi mata biyu. Yau na uku."

Duk masifar da na kwaso ta zube. Na durƙusa a gabansa na riƙe hannunsa, sanyi ƙalau.

"Baba, ai ni ma tata ce. Ka bar mini sauran, har da na yau."

Ya zuba mini ido. "Za ki iya, ga ɗinki?"

Na ce zan iya.

Hawaye suka bi gemunsa. Can ya miƙo hannu, na ɗora masa kofin ruwa da maganin. Ya dubi ranar da ke tsakar gida tukuna, sannan ya yi bismilla ya sha.