Matar da Ta Kwaso Kyanwoyinmu daga Tsibiri

Tsuntsayen teku sun ƙyanƙyashe bana a ɗan tsibirin da ke gaban tashar masunta, bayan sun yi shekaru da ƙaurace masa. Wadda ta dawo da su, Bu Kasmirah mai bandar kifi, ta ajiye aikin a makon jiya. Gwiwarta ta daina ɗaukar hawa kwalekwale.

Tana idar da sallar asuba take fita. Ta ɗana keji da kan kifi a tsibirin, ta dawo da kyanwar da ta shiga, ranar kasuwa ta kai wa likitan dabbobi ya yi mata aikin hana haihuwa. Daga nan ta bi gida-gida neman mai riƙo.

Kyanwoyin namu ne. A garin nan, direban da ya take kyanwa sai ya tuɓe rigarsa ya yi mata likkafani, don gudun masifa. Kisa kuwa ba a ma zancensa. Shi ya sa in kyanwa ta haihu, ake zuba 'ya'yan a buhu a sauke su a tsibiri, inda ba za su iya komowa ba. Babu ruwan sha a can sai na sama. Waɗanda suka rayu, da 'yan tsakin tsuntsaye suka rayu.

Wata safiya a tasha, Pak Darmaji masunci ya tsokane ta a gaban jama'a.

"Uwar maguna! Yau jikoki nawa aka samo?"

Ta ɗaga kejin. "Ɗaya ce, Dar. Dubi zaren wuyanta. Ba irin na komarka ba ne?"

Babu wanda ya yi dariya. Da la'asar ya zo ya ɗauki kyanwar, tana gidansa har yau.

Bu Kasmirah, ke ce kika san gidan da kowace ta fito, ba ki taɓa kai ƙarar kowa ba. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara. Abin da ya rage mana kaɗan ne: mai kyanwa ya kai ta wajen likita, mai kwalekwale ya ƙi karɓar buhu.

A walimar sallama, shugaban ƙauye ya tambayi wanda zai gaji kejin. Kowa ya sunkuya kan shinkafarsa. Ranar Talata wani masunci ya ga sabon sawun kyanwa a yashin tsibirin. Kejin yana nan a ƙofar gidanta.