Gunkin da Tokuji Bai Gani Ba

Shekara hamsin da ɗoriya katangarmu ɗaya da Tokuji Hamaguchi. Ni ina sayar da awara, shi yana tuƙa bas daga tashar jirgin ƙasa zuwa haikalin da ke kan dutse. A haikalin akwai wani gunkin katako a kulle cikin akwati, ba a buɗe shi sai sau ɗaya a shekara talatin da uku. Ranar da aka buɗe, Tokuji yana bakin aiki. Sawu goma sha tara ya yi, ya kai kowa ya gani, har da surukarsa. Kafin ya ajiye mota ya hau da gudu, an rufe.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya yi digirin farko ta wasiƙa, yana karatu a tasha tsakanin sawu da sawu. Da ya yi ritaya sai ya shiga jami'a neman digiri na biyu a tarihin zane da sassaƙa, a kan gunkin nan.

Malamarsa, Farfesa Urabe, sa'ar 'yarsa ce. Ta ce, "Baba Hamaguchi, yaya za ka yi rubutu a kan abin da ko hotonsa babu?"

Ya ce, "Malama, fasinjojina sun gani. Na san gidan kowa."

Haka ya bi su ɗaya-ɗaya da littafinsa. Wata tsohuwa ta ce hannu shida gare shi. Wani ya rantse biyu ne. Mutum goma sha ɗaya suka ce cunkoso ya yi yawa, ƙeyar na gabansu kawai suka gani. Wannan ma ya rubuta.

Wata rana na kai awara haikalin, na tarar da shi durƙushe, hancinsa a tsagin akwatin. Na ce, "Kai, tsohon banza! Karatun ne ya mayar da kai kare?"

Ya ce, "Rufe mini baki, mai awara. Itacen kafur ne. Babi na uku ke nan."

Kundinsa ya kai shafi ɗari biyu, ƙarshensa layi ɗaya: gunkin a zaune yake, kuma murmushi yake yi. Malamai suka kasa ƙaryata shi, suka kasa gaskata shi. Aka ce digirin ya jira ranar buɗewa, saura shekara huɗu. Ya ce ba komai, direban bas ya saba jira.

Saura kwana arba'in a buɗe akwatin, ciwon huhu ya ɗauke mini shi.

Ranar buɗewa na sa tabaransa a aljihu, na hau bas ɗinsa na dā. Awa uku muna layi ni da Farfesa Urabe. Da muka iso, wurin duhu, hayaƙin turare ya cika shi, mai gadi yana ta cewa a wuce, a wuce. Na ɗaga tabaran sama, ko shi ya samu ya gani. Ni dai ƙeyar wani mai sanƙo na gani.

A waje Farfesa Urabe ta ce, "Baba, me ka gani?"

Na ce, "A zaune yake. Yana murmushi."

Ta daɗe tana kallona, idonta ya yi ja. Gajeriya ce, kanta ko kafaɗata bai kai ba. Ta ce, "Ni ma haka na gani." Ta zaro takardar amincewa da digirin Tokuji daga jaka, ta ce in juya, ta ɗora a bayana ta sa hannu.