Darasin da Kawu Haliru Bai Ji Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, aka kira ni daga Kalgo aka ce injin casar shinkafa ya kama ka, Kawu Haliru. Kafin magariba an kai ka makwancinka a Maruda.

Kai ka riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, ƙanwarka. Duk Juma'a sai ka ɗaura buhun dusa a babur ka kai wa Hajara, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da shanu da marayu. In ta fara godiya, ka tada babur.

Mutuwa rigar kowa ce, ba ni da ja. Amma raina a ɓace yake, kuma zan faɗa.

Da kamfanin da kake wa aiki ya kawo sabon inji, sai aka ce kowa ya koyi kiyaye haɗari a kwamfuta, ya yi jarrabawa. Aka cusa ku ɗaki ɗaya, dattawa da samari. Darasin da Turanci, rubutu kamar tururuwa, shafi na wucewa kafin mutum ya gyara tabarau. Wa aka sa ya kula da ku? Muzzammil, mijin 'yarka. Wane dattijo ne a ƙasar Gwandu zai ɗaga hannu gaban surukinsa ya ce bai gane ba? Shi ma kunya ta hana shi dosar kujerarka.

Na tambaye ka yadda aka ƙare. Ka yi dariya ka ce, "Ɗiyata, inda ni ga yara na latsawa nan ni latsa. Ƙaƙa zan tambayi suruki?"

A cikin darasin nan aka bayyana cewa sabon injin yana tashi da kansa in wuta ta dawo. Ranar Talata aka ɗauke wuta, ka sa hannu za ka zare ƙaiƙayi kamar yadda ka saba da tsohon. Wuta ta dawo.

Wai manaja cewa ya yi ai ka ci jarrabawa, sauran ƙaddara ce. Kunya ba ta ishe shi ba! Murya da Hausa, hoto babba, dattawa a ɗakinsu daban, mene ne mai wuya a nan? Tsaranka suna nan suna aiki gaban injin, su ma duk wai sun ci.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka. Ya ba matarka Inna Delu da 'ya'yanka haƙuri. Ya sanyaya zuciyar Muzzammil, wanda ya fara isa wurin maɓallin ya kashe injin.