Ka Riga Ni Jin Labarin Gidanmu

Ranar Talata, 16 ga watan Mayu, 2023, ina tsakar duba takardun 'yan aji shida, shugabar makarantarmu ta leƙo ofishin malamai ta ce Malam Vedaste Ntaganira ya cika a asibiti, bayan jinyar kwana tara. Allah ne ya ba mu shi, shi ne kuma ya karɓi abinsa. Ya rasu yana da shekara hamsin da ɗaya, a cikin kwanaki ɗari na makokin kisan ƙare-dangi da ƙasa ke yi duk shekara, ya bar matarsa Drocella da 'ya'ya huɗu.

Vedaste, malamai sun ce ni zan rubuta ta'aziyyarka, wai don shekara goma sha shida muna koyar da tarihi tebur na kallon tebur, kuma ni ne amininka. Ban musa ba. Amma ba zan yi maka ƙarya kana kwance ba. Na ƙaunace ka, kuma na yi maka hassadar da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba.

Ni ne mai digiri biyu a kan kisan ƙare-dangin da aka yi wa 'yan ƙabilar Tutsi a 1994. Ni ake gayyata taruka a Kigali. Kai kuwa takardar horon malamai kawai gare ka, da tsohon kwat mai gajeren hannu. Duk sanda na dawo sai ka tare ni a bakin ƙofa ka ce, “Farfesa, an dawo? Me baƙi suka ce ya same mu a wannan karon?” Amma idan muka zo darasin kisan nan, ajina sai hamma da kallon tafkin Kivu ta taga, ajinka kuwa ko tari ba a ji. Na sha laɓewa a bayan tagarka don in gano sirrin, kuma babu wani sirri. Tsayawa kake yi ka ce, “Mahaifina ya kashe mutane a shingen hanya. Shi ne kuma ya goya ni zuwa asibiti ranar da na karye. Ya mutu a kurkuku. Yau za mu koyi yadda mutum irinsa yake zama haka.” Jikokin waɗanda suka kashe da jikokin waɗanda aka kashe suna zaune a benci ɗaya, kowa ya kafa maka ido. Ni da na rasa dangi ban taɓa samun wannan shirun ba.

Alherinka ba ya ɓoyuwa, ko da yake na so a ce ya ɗan ragu. Shekarar da manoma suka ci karo da ramin gawarwaki a gonar ayaba bayan coci, kai ne ka fara tuɓe kwat, ka durƙusa cikin tsofaffin mata kana wanke ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya kafin a yi musu sutura. Ni rahoto na rubuta. A makon tunawa da kisan, idan wata yarinya ta faɗi tana ihu, kai ne kake zama kusa da ita a ciyawa da kofin ruwa har ta dawo hayyacinta. Yaran da iyayensu ke tsare, kai kake raka su ziyara a ƙafa, kana ba su labarin ƙwallo a hanya.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya min a wuya daban ne.

A watan Afrilu na 1994 ina Bukavu, a ƙetaren iyaka, wurin kawuna. Na dawo a watan Agusta na tarar da mahaifiyata ita kaɗai. Babu Baba, babu ƙannena maza biyu, babu ƙanwata Mukashema. Mama ta ce, “Sun tafi,” ba ta ƙara ba. Ko a zaman gacaca, kotun gargajiya da ta saurari shari'ar kisan, ba ta buɗe baki ba. Na naɗi shaidar mutum sama da ɗari biyu, na san yadda dangin wasu suka ƙare har da sa'a da wuri, amma ban san yadda mahaifina ya mutu ba. Don wannan na shiga karatun tun farko.

Da damina ta 2012 na aike ka da maganin hawan jini wurin Mama, tunda hanyarka ce. Aiken minti goma, ka yini. Bayan mako guda, tana tsince wake, ta ce min kamar mai zancen farashin gishiri, “Na gaya wa abokinka komai.”

Washegari na same ka a bakin filin ƙwallo. Na ce, “Uwata ce fa, Vedaste! Ubana ne! Kai da ubanka...”

Ka ce, “Ƙarasa mana, Anastase. Ni ma kullum ƙarasawa nake yi a gaban yara.” Sannan ka ce, “Ta ce in riƙe, na riƙe. Ranar da ta ce in ba ka, ko wanka kake yi zan buga maka ƙofa.”

Shekara goma sha ɗaya kana riƙe. Kana zuwa gidanta ranar Asabar ka sassabe mata gonar ayaba, ta zuba maka nono, ina jin dariyarku tun daga gangare. Ni idan na je, sai ta tambaye ni ko na ci abinci. Na yi maka ƙananan mugunta da nake jin kunyarsu yanzu. Sau biyu na cire sunanka daga jerin masu zuwa bita. Ka sani, amma da matata ta kwanta jinya kai ka ɗauki azuzuwana wata guda. Har a asibiti, da na zo maka da lemo, ba don kai kaɗai na zo ba. Tsoro nake ka tafi da abina. Ka dube ni da idanun da suka faɗa, ka yi murmushi ka ce, “Farfesa, dubiya ka zo ko bincike?” Na yi dariya, na fita na zage ka a zuci.

Jiya Juma'a muka binne ka. Da aka zo wanke hannu bayan jana'iza, Mama ta jawo ni gefe da sandarta. Ta ce, “Kana ta harararsa shekara da shekaru, ka zaci ban gani ba? Shi in ya ji, gidansa zai tafi da shi. Kai ɗana ne, in na gaya maka, kullum na dubi fuskarka zan gan shi a ciki. Amma ga shi ya tafi ya bar ni da kayana, ni kuma ba zan shiga rami da su ba. Ka zo ranar Lahadi bayan coci. Ka ci abinci ka ƙoshi kafin ka zo.”

Drocella na tsaye kusa, tana zuba wa mutane ruwa. Ba ta ɗago ba ta ce, “Ka ji maganarta, Malam. Shi da ya dawo ranar da ya kai mata maganin nan, kwana huɗu bai sa komai a bakinsa ba, kuma har ya mutu bai ƙara iya kallon yankan akuya ba.”

Ashe abin da nake maka hassada a kansa ke nan.

Allah ya jiƙanka, Vedaste, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Drocella da yara, da ɗalibanka, da mahaifiyata wadda ta fi ni rashi. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ni kuma ka yafe min, in ana yafewa daga can.

Gobe ce Lahadi. Shekara ashirin da tara ina jiran ta, kuma tun safe nake zaune ina tunanin wa zan aika a madadina. Sunanka kaɗai ke zuwa min.

Anastase Kayiranga
Karongi