Kaset ɗin Iya a Kan Talabijin

Kakarmu Iya ba ta yarda da rikoda ba. A gidanmu na Karaye, in an idar da magariba, mukan zagaye murhu tana gasa mana gyaɗa, sai ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan tafe. Sau ɗaya tak Baffa Sale, ƙanin babanmu, ya shawo kanta ya ɗauki muryarta a kaset, bisa sharaɗin ba za a kunna da rana ba.

Tatsuniyar ranar ta wata mai tallan nono ce da ta tsinci tunkiya mai magana a hanyar Kwanyawa. Tunkiyar ta ce ƙwaryar matar ba za ta taɓa ƙafewa ba, muddin ba ta tambaye ta inda ta fito ba. Shekara bakwai tana daurewa, rannan dai ta tambaya. Na yi caraf na ce don me, Iya ta dungure min kai. "Angona, kai ma halinta gare ka. Yi shiru ka ji."

Da Iya ta rasu, Baffa ya naɗe kaset ɗin a ƙyalle ya ɗora kan talabijin mai kala da ya zo da ita daga Makka, don a ɗakinsa babu wurin da ya fi nan daraja. Mun fi shekara biyu ba wanda ya iya kunnawa. Ranar da muka daure, muryar ta fito can ƙasa-ƙasa, tana zuwa tana ɓacewa. Daidai inda matar ta yi tambaya, sai shuuu.

Mai gyaran rediyo ya ce wannan "gum" da talabijin ke yi in an kunna ta, maganaɗisu ne ke wanke gilashin, shi ya shafe zaren kaset ɗin. Malaminmu na kimiyya ya ce ƙarfinsa bai kai ba, zafi ne kawai. Baffa ya rasa wa zai bi, ya daina kunna talabijin ɗin gaba ɗaya.

Abin da ke cin raina, a gabana aka ƙarasa labarin. Yayata Binta ta rantse tunkiyar ta rikiɗa ta zama mahaifiyar matar. Ni kuwa na tuna rijiya tunkiyar ta faɗa, nono ya ƙafe. In Binta ce da gaskiya, tambaya alheri ce. In ni ne, kashedi Iya take min.

Kwanan baya 'yata ta matsa sai na ƙarasa mata. Na rasa wanne zan koya mata, tambaya ko shiru, sai na ce Iya ba ta faɗi ƙarshen ba. Allah ya yafe min, ta faɗa.