Katakon Bayan Akwatin Yaya

Yayana yana haɗa akwatunan lasifika a wani ɗan shago a Daura, manyan nan masu faɗin baki da ke fitar da sauti mai kauri. Da aka fara Shari'ar Musulunci a jiharmu, kiɗan biki ya ja baya, aikinsa ya koma na masu wa'azi da Mauludi. Shi ma ya daina gwada akwati da kiɗa. Ya ɗauki muryarsa a kaset yana salati, da ita yake gwaji, don muryarsa kakkaura ce.

A bayan lasifikar, cikin akwatin, akwai ɗan ɗaki rufaffe. Yaya yakan ce duk aikin a nan yake. In ɗakin ya yi kaɗan murya ta shaƙe, in ya yi yawa ta saki ta koma gunji. Ba ya awo. Yakan kunna kaset, ya riƙa tura katakon baya ciki a hankali, tafin hannunsa ɗaya a jikin akwatin, sai ka ji ya ce, "Nan ne," ya buga ƙusa. Na sha gani, ban taɓa tambayarsa abin da hannun yake ji ba.

Ya rasu a haɗarin babur a hanyar Mashi. Ya bar akwati ɗaya bai rufe bayansa ba.

Da aka share makoki, Inna, mahaifiyarmu, ta ce tana so ta ji muryarsa. Na sa mata kaset ɗin a ƙaramar rediyo. Ta ce, "Wannan ai muryar yaro ce. Je ka ɗauko akwatin nasa."

Na turo shi gida a kura, na haɗa wayoyin yadda na saba gani. Ta zauna a tabarma. Na tura katakon ciki.

"Ka shaƙe shi."

Na jawo baya.

"Yanzu kuma kamar daga rijiya yake magana. Kai ba kullum kana shagon ba?"

"Ina nan, Inna."

Na sake turawa a hankali. Can sai salatin ya cika tsakar gida, muryarsa sak, kamar yana tsaye a bakin zaure. Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya!" Amma hannuna ya riga ya wuce. Na dawo baya, na matsa gaba, na toshe gefen da tsumma, na ɗora tafina yadda yake yi. Katako kawai na ji.

Mun yi ta gwadawa a kwanakin da suka biyo baya, har kaset ɗin ya fara ja, muryar tana rawa. Inna ta ce, "Bari haka, kada mu cinye ɗan abin da ya rage."

Akwatin yana zaure. Katakon na jingine a jikinsa, ban buga ƙusa ba.